Saƙar kalmomi marar jigo: gidaje 16 sun isa gwada Hausar mutum

Akwai wata kalma mai haruffa 4 da ke yawan fitowa cikin wasan nan na shafin baya na jaridun Faransanci, wanda ake kira mots croisés. Kalmar ita ce SAGA. Ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Saga, wanda kullum safiya yake biyo hanyar Kollo ya shigo tsakiyar Yamai wurin aiki, yana iya rubuta ta sau da yawa cikin shekara, amma ba domin an tambaye shi sunan garinsu ba. Abin da mai shirya wasan yake nufi shi ne tsoffin labaran jarumtaka na mutanen arewacin Turai, wani lokaci kuma wani birni na ƙasar Japan. Saga ta bakin kogi, mai fadamun shinkafa, tsohon garin Zabarmawa wanda yake nan da sarautarsa tun kafin Yamai ta zama babban birni a 1926, ba ta cikin lissafinsa ko kaɗan.

Sanin duk wanda ya saba da wannan wasa ne cewa ba SAGA kaɗai ba ce. Duk tsohon ɗan lakkol da ya daɗe yana cike gidajen nan ya haddace AA, wani ƙaramin kogi na arewacin Faransa wanda ko Faransawa da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Ya san UR, tsohon birnin ƙasar Iraƙi. Ya san RE da DO na masu kiɗan Turai. Jefi-jefi wani mai shiryawa na gida yakan saka sunan wani gari na Nijar, mai cikawa ya yi murmushi kamar ya gamu da ɗan'uwa a tashar mota ta baƙuwar ƙasa. Amma galibi ƙamus ɗin Faransa ne alƙali. Wannan ba laifi ba ne, tun da wasan da Faransanci aka yi shi. Tambayar ita ce ko harshen Hausa zai iya ɗaukar irin wannan saƙa, kuma ba mai sauƙin ba, mai wuyar, wadda ba ta da jigo.

Daga Niyok zuwa shafin baya

Wasan bai tsufa can ba. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila, Arthur Wynne, shi ya fara buga shi ranar 21 ga Disamba 1913 cikin jaridar New York World ta Amurka. A 1924 aka tara irinsa cikin littafi, kasuwa ta buɗe, a wannan shekara kuma ya tsallaka zuwa jaridun Faransa. Jaridar New York Times, wadda da farko ta raina shi, ta sallama a 1942. Bayan haka kowace ƙasa ta kama hanyarta. Amurkawa suna son allon ya daidaita, ta yadda ko an juya shi sama a ƙasa rufaffun gidaje za su faɗa wuri guda, kuma kowane harafi sai ya kasance kalmomi biyu sun ratsa ta kansa. Faransawa ba su damu da wannan daidaito ba. Abin alfaharinsu shi ne ƙarancin rufaffun gidaje da kaifin ishara, kuma a nan ne irin su Michel Laclos na Le Figaro da marubuci Georges Perec, wanda ya fara yi wa mujallar Le Point saƙa a 1976, suka yi suna.

To mene ne saƙa marar jigo? Mai jigo ita ce wadda dogayen kalmominta suka taru kan batu guda, a ce sunayen kifaye ko manyan biranen Afirka. Da zarar mai cikawa ya gano bakin zaren, sauran sai su biyo kamar tumaki bayan jagora. Marar jigo kuwa ba ta da jagora. Kalma ta farko ba ta ba da labarin ta biyu, ba abin da ya haɗa su sai harafin da suka gamu a kansa. A New York Times irin wannan ake bugawa ran Juma'a da Asabar, kuma ta Asabar ce mafi tsauri a mako: allo mai gidaje 15 tsaye da 15 kwance, wato 225, amma kalmomin ciki ba sa wuce 72, alhali ana barin mai jigo ta kai 78. Bambancin kamar ƙarami ne. Sai dai raguwar kalmomi tana nufin kalmomin sun ƙara tsawo, sun jeru bisa juna kamar buhunan hatsi a sito, kuma duk wanda aka zare sai na kusa da shi ya motsa.

Allo mai gidaje ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Masu dara sun san gida, malaman hisabi kuma sun san hatimi, wanda ake jera lambobi 1 zuwa 9 cikin gidaje 9 ta yadda ko ta ina aka tara, tsaye, kwance ko a karkace, 15 za a samu. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai. Ƙa'idarsa da ta mai saƙar kalmomi ɗaya ce: kowane gida bawan iyayengiji biyu ne, na tsaye da na kwance, kuma dole ya gamsar da su duka.

Ga allon

An gina wannan ƙaramar saƙa da Hausa tsantsa domin gwaji. Gidaje 4 ne kwance, 4 tsaye, ba rufaffen gida ko ɗaya, ba jigo. Mai karatu yana iya zana ta a bayan rasit, ya rufe sauran shafin da hannu kafin ya ci gaba.

Kwance: na 1, ana tankaɗe shi, ana kuma yi masa sarki. Na 2, ƙasar duwatsu ce, ƴaƴanta sun san hanyar Abijan. Na 3, hannun cin tuwo, mai fura ma tana yi. Na 4, ba da ita ake fara addu'a ba.

Tsaye: na 1, Yamai na da 3 bisa kogi, maharbi na neman 1 a daji. Na 2, kowa ɗansa ne, shi ba ɗan kowa ba. Na 3, yawan ɗiba ke ƙara masa girma. Na 4, Farisa ce kafin 1935.

Wanda ya saba ba ya farawa da na 1. Yakan nemi ƙofar da ba a kulle sosai ba, kuma a nan ƙofar ita ce tsaye na 4: ɗan lakkol da bai manta tarihi ba zai rubuta IRAN nan take. Daga nan ya sami harafin ƙarshe na dukan kalmomin kwance. Kwance na 4 yana ƙarewa da N, kuma abin da ake rufe addu'a da shi AMIN ne. Kwance na 2 yana ƙarewa da R, wanda kuwa ya taɓa zama da mutanen Tawa, ko ya ga yadda samarinsu ke tafiya cin rani bakin teku, ba zai daɗe bai ce ADAR ba. D na Adar da M na amin sai su miƙo ADAM. Zuwa nan an cika gidaje 12 cikin minti kaɗan, mai cikawa ya fara jin cewa wasan yara ne.

A gidaje 4 da suka rage ne tafiya take tsayawa. Ga yadda allon yake bayan an gama:

G A R I
A D A R
D A M A
A M I N

Kwance ke nan GARI, ADAR, DAMA, AMIN. Tsaye kuma GADA, ADAM, RAMI, IRAN. Amma kafin a kai ga haka, a dubi gidan farko na kusurwa. Mai cikawa yana da A da I a jere na farko, da A biyu a layin farko na tsaye. In ya sa F, ya sami FARI da FADA, duka Hausa ce lafiyayya. In ya sa S, ya sami SARI da SADA. In ya sa T, TARI da TADA. A gida na uku na layin tsaye ma haka: GASA tana ba da SAMA, GANA tana ba da NAMA, GAZA tana ba da ZAMA, GARA tana ba da RAMA. Ko M na tsakiya ba shi da tabbas, domin RAFI da DAFA suna zama daidai inda RAMI da DAMA suka zauna. A Faransanci gamuwar kalmomi takan ceci wanda ishara ta gagara: in ya sami haruffa 3 cikin 4, sau da yawa na huɗun ba shi da zaɓi. A Hausa ba haka ba ne. Allon da kansa yana karɓar amsa iri-iri, saboda haka nauyin duka ya koma kan ishara.

Nan ne kuma Hausa take da dukiyar da ba a taɓa ba. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Malaman harshe sun daɗe suna kuka da wannan, amma ga mai saƙa kyauta ce. GARI na tuwo da GARI na mutane a baki ba ɗaya ba ne, a takarda kuwa haruffa 4 ne iri guda. GADA ta daji dabba ce, GADA ta kogi ƙarfe da siminti ce: ta Kennedy da aka buɗe a 1970, ta biyu da Sinawa suka gina, wadda aka buɗe a 2011 kuma ita ce mafi kusa da Saga, da ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché ta 2021. DAMA hannu ce, sarari ce, aikin mai fura ce. Ishara mai kyau ita ce wadda ta ɗaure ma'ana biyu da igiya ɗaya, ta yadda mai cikawa zai bi ta farko har ya gaji, sannan ta biyu ta faɗo masa. Bahaushe bai buƙaci a koya masa wannan ba, ai shi ne kacici-kacicin da kakanni ke yi wa jikoki da dare. Ga kuma irin su KUKA, WUYA, GADO, WATA, DAWA, kowace da fuska biyu ko uku. Ɗan kasuwa zai so ƊARI: ana jin sa a watan Janairu, ana kuma ba da shi canjin jika in an yi cinikin rabinta.

Cikin isharori 8, mafi kyau su ne na GARI da na GADA, domin ba su yi ƙarya ko da harafi ɗaya ba, amma sun ɓoye amsa a fili. Ta AMIN tana da daɗi saboda ta bi ta bayan gida. Ta RAMI tsohuwar dabara ce, yaro ma yana iya warware ta. Ta IRAN ba ishara ba ce, tambayar jarrabawa ce. Sai dai kowace saƙa mai wuya tana buƙatar ƙofa guda a buɗe, in ba haka ba mai cikawa ya ajiye bik ya koma ga shayinsa.

Inda saƙar ta yi rauni

Aibin allon yana ga waɗannan kalmomi 4: ADAR, ADAM, IRAN, AMIN. Uku sunaye ne, ta huɗu aro ce daga Larabci. Ba ragwanci ya kawo haka ba, ginin harshen ne. Kalmar Hausa ta asali tana tafiya baƙi, wasali, baƙi, wasali, kuma kusan kullum da wasali take ƙarewa. In jere na farko ya fara da baƙi, dole jere na biyu ya fara da wasali ya ƙare da baƙi, kamar ƙwayoyin dara da aka jera farare da baƙaƙe. Kalmomi masu wannan siffa kuwa ƙidayayyu ne: IDAN, AKUL, ALIF, sai sunaye irin su UMAR da OMAN. Ga kuma yawan A, wanda shi kaɗai ya ci gidaje 6 cikin 16. Mai neman sauƙi zai ce a yi amfani da IDON, UWAR, UBAN, IKON. Wannan hanya ce ta ɓarawo. Kalma mai jiran abokiyarta ba cikakkiyar kalma ba ce, kuma ranar da aka buɗe wannan ƙofa allo zai cika da N da R a gefensa na dama kamar shingen ƙaya.

Saboda haka babban allo na Hausa ba zai iya yin rowar rufaffun gidaje irin ta Faransawa ba. Sai an jera su kamar matakala, domin kalmomi su riƙa farawa a wurare dabam-dabam. Sai an nemo kalmomi masu baƙaƙe biyu a jere, irin su HANTA, GARKA, SARKI, TABBAS, domin su karya wannan tafiya ta baƙi da wasali. Akwai kuma rumbu guda da Faransanci ba shi da irinsa, wato kalmomin amsa-kama: FAT na fari, WUR na ja, ƘIRIN na baƙi, SHAR na kore, TSAF, KAF, SAK. Duk da baƙi suke ƙarewa, duk Hausa ce ta cikin ɗaki, kuma ishararsu ba ta da wuyar tsarawa.

Rigimar lanƙwasa

Faransawa suna watsar da alamomin da ke bisa wasulansu in sun shiga allo: E ɗaya ce, ko da wace hula ta zo. Wanda ya saba da haka zai so a yi wa Hausa irin wannan rangwame, a ce K da Ƙ gida ɗaya ne, D da Ɗ ma haka. Ba zai yiwu ba. BAKI da BAƘI, KARA da ƘARA, FADA da FAƊA, ba ado ne ya raba su ba, haruffa ne dabam. A wannan allo kansa, in aka lanƙwasa D na GADA ta zama GAƊA ta ƴan mata a dandali, kwance na 3 ya lalace, domin ba a dama fura da Ɗ. Takarda takan haƙura da wanda ya manta lanƙwasa cikin wasiƙa, tun da mai karatu zai gane daga zancen. Allo ba ya haƙuri.

Haka ma tsohuwar ɗabi'ar rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci. TAHOUA gidaje 6 ce, TAWA 4. Wanda ya rubuta TCH a wurin C, ko OU a wurin U, ya ci gidan maƙwabci, kuma kafin ya kai ƙasan allo sai ya ga ba abin da ya gamu. Nijar ta sha gyaran ƙa'idar rubutu: bayan taron Bamako na 1966 an yi zamanin da ake ninka wasali domin nuna tsawonsa, taron Yamai na Janairu 1980 ya kusanto da rubutun Nijar da na Najeriya, sannan ma'aikatar ilimi ta sake tabbatar da ƙa'idar a 1999. Da har yanzu ana ninka wasali, da garin tuwo da garin mutane sun rabu a takarda, da ishara mafi kyau ta wannan allo ta mutu.

Batun ya wuce nishaɗin bayan sallar la'asar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya sanya Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma ma'aikata nawa ne, cikin waɗanda ke iya rubuta rahoto mai shafi 10 da Faransanci ba kuskure, za su iya rubuta sanarwa mai layi 10 da Hausa bisa ƙa'ida? A wuri irin Saga tambayar ta fi nauyi, domin da yawa daga mazaunanta Zabarmanci suka sha a nono, Hausa a kasuwa da tasha suka tsince ta, da kunne, ba da alli ba. Babban mutum ba ya son a mayar da shi aji a yi masa shifta. Amma zai zauna awa guda yana kokawa da gidaje 16 ba wanda ya tilasta shi, kuma zai tashi ya san cewa ƙ da k ba ɗaya ba ne. Ƙwarewa a wasan haruffa kuwa ba a nesa take ba: Wellington Jighere na Najeriya ne ya ci gasar duniya ta Scrabble a 2015 a Ostareliya, da harshen da ba na uwarsa ba.

Saura magana ɗaya da duk mai son buga irin wannan saƙa zai yanke tun kafin ya ja layin farko, kuma ya rubuta ta a ƙarƙashin allo kowane mako: SH, TS, KW, GW, KY da ƴan'uwansu, gida ɗaya za su ci ko biyu? A baki sauti ɗaya ne kowannensu. Mutanen Wales da na Holan, waɗanda ke da irin wannan matsala a harsunansu, sukan zuba irin waɗannan tagwaye cikin gida guda. Ga Hausa ma wannan ya fi dacewa, domin ya bi yadda ake furta harshen, ya kuma ƙara wa mai saƙa kalmomin da zai zaɓa. Sai dai yana ƙara tarko. In an yarda TS gida ɗaya ne, kusurwar wannan allo ta sami amsa ta biyar: TSARI a kwance, TSADA a tsaye.